Yadda na sha yawo kafin in sayi dabbab ɗin jan kaya a Madina

Ranar da na tura baro sau goma sha bakwai daga garken tumaki zuwa gindin dabinai, ranar na kwana ina juyi, uwargida tana shafa min man zafi a baya tana cewa ai dama ta faɗa. Washegari da ƙyar na yi ruku'u a sallar asuba. A nan na ce to magana ta ƙare, ko dai a nemo abin da zai ja kayan nan ko kuma a sayar da tumakin kowa ya huta.

Bari in ɗan yi bayani don waɗanda ke gida Najeriya da Nijar. Abin da nake magana a kai shi ne babur ɗin nan mai taya huɗu, a nan Saudiyya dabbab ake ce masa, kodayake mutanen nan komai dabbab ne a wurinsu, babur mai taya biyu dabbab, har ƴar ƙaramar motar kayan nan ta Suzuki ma dabbab suke ce mata, don haka in kana cigiya sai ka ce mai taya huɗu ko a kai ka inda ba ka nufa ba.

Ni mutumin Katsina ne, karatu ya kawo ni Madina, aure ya zaunar da ni. Surukina, wanda dukanmu muke ce wa Baba, a nan aka haife shi, mahaifinsa yana cikin mutanen da suka taho da ƙafa ta Chadi da Sudan suka tsallako teku daga Suwakin. Yana da ɗan fili a wajen gari ta kudu, wajen harra, inda ƙasar take cike da baƙaƙen duwatsun nan masu kaifi. Gida ne da gona a haɗe, dabino gindi saba'in da ɗoriya, tumaki kamar ashirin, sai kaji da uwargida ke kiwo. Da akwai ma'aikaci, ya tafi ƙasarsu bai dawo ba, Baba kuma ƙafa ta ƙi, shi kenan aikin ya faɗo kan suruki, wa zai ce a'a. Muna da Hilux amma ba ta shiga tsakanin dabinan, hanyar ƙarama ce kuma ga robobin ban ruwa shimfiɗe ko'ina, sau ɗaya na gwada na fasa guda uku. Aikin kuwa kullum shi ne: kai taki, ɗauko damin barsim, ciyawar da ake ba tumaki, da buhunan sha'ir daga bakin ƙofa zuwa garke, kwashe rassan dabino in an yi sassabe, kwaso kwandunan dabino lokacin girbi, sannan babban cikinsu kai ruwa can ƙarshen filin inda famfo bai kai ba.

Da aka zauna shawara kowa da tasa. Baba cewa yayi a sayi jaki. Wallahi da gaske yake, yace jaki ba ya shan fetur ba ya zuwa wurin makaniki, kuma jaki ne ya kawo ubansa rabin hanya. Ni kuwa kun san surukuta, ba zan iya ce masa a'a ido da ido ba, sai na sunkuyar da kai nace haka ne Baba, daga baya na aika uwargida ta lallaɓa shi. Ƙanin matata kuma, saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, tuni ya buɗe waya yana nuna min Raptor 700 da Banshee, wai yaya wannan in ka murza shi tashi yake. Nace ai ni ba tashi nake so ba, taki zan kai. Waɗannan na wasan tudun rairayi ne, tayoyin baya kaɗai ke ja, da sarƙa suke tafiya kamar babur, ba wurin ɗora kaya, Banshee ma ko ribas ba shi da shi. Amma fa ni kaina a lokacin abin da na sani bai wuce wannan ba, a kaina magana ɗaya ce: a nemi mai babban inji, in cc ya yi yawa komai zai ja.

Wanda ya warware min wannan tunanin wani makaniki ne a sina'iyya, wato unguwar makanikai, Bahaushen Sudan ne daga Gadarif, kowa Usta yake ce masa. Hausarsa irin ta can ce mai gauraye da Larabci, in yana magana sai ka rantse kakanka ne ya dawo. Na je nace Usta dabbab nake so mai ƙarfi, ɗari bakwai ko dubu. Bai ko ɗago daga injin da yake kwancewa ba yace Malam me zaka ja. Nace tankin ruwa. Yace na lita nawa. Nace irin mai lita dubu ɗin nan mai kejin ƙarfe, akwai shi a gida. Sai ya ajiye sifana ya dube ni yayi dariya har da tafa hannu, yace Malam kai da ka yi karatu, ruwa lita ɗaya ai kilo ɗaya ne, tan guda kenan zaka ɗaura wa abin da shi kansa bai kai rabin haka ba, ban da nauyin tanki ban da tirela. Yace ja zai ja, ko ƙaramin ma zai motsa shi a shimfiɗaɗɗen wuri, amma wa zai tsayar da shi?

Na ji maganar amma ba ta shige ni ba sai da na gani da idona. Maƙwabcinmu yana da wani tsohon dabbab da ƴar tirela, na aro na kwana biyu don in gwada. Na ɗora tankin nan na zuba ruwa rabi, a tunanina ai na rage nauyi na yi dabara. Daga rijiya zuwa garken akwai wata ƴar gangara, ba wata babba ba ce, yara ma da gudu suke sauka. Ina fara sauka na taɓa birki, ruwan nan ya taho gaba gaba ɗaya ya bugi bangon tankin, naji kamar wani ƙato ya hankaɗe ni ta baya, tayoyin baya suka ja ƙasa suka karkace, tirelar ta zo ta gefena kamar zata gaishe ni, Allah ya taimaka kan dabbab ɗin ya faɗa cikin kwarin da ake tara wa dabino ruwa ya tsaya. Na sauko ƙafafuna suna rawa. Baba yana zaune a inuwa da carbinsa yana kallon komai, abin da ya ce kawai shi ne, Malam, jaki da ya tsaya. Ban ce komai ba.

Kuma a wannan aron ne na yi wata ɓarnar, duk yinin a babbar giya nake jan kayan don ban ma san amfanin L ɗin da ke jikin giyar ba, wato ƙaramar giya ta jan nauyi, can da la'asar na fara jin ƙaurin roba. Yawancin dabbab na aiki ba su da giya irin ta babur, bel ne a tsakanin wasu faya-fayai biyu da ke buɗewa suna rufewa, to in ka ɗora masa nauyi kana tafiya a hankali a babbar giya bel ɗin zamewa yake yana zafi har ya ƙone. Sai da na saya wa maƙwabcin sabon bel na haɗa da ban haƙuri da kwalin ajwa.

Daga nan na koma wurin Usta da takarda da biro kamar ɗan makaranta. Muka zauna muka lissafa komai: buhun sha'ir kilo 50, nawa nake ɗauka a tafiya ɗaya, taki jiƙaƙƙe ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba, ruwan da tumakin ke sha a rana lokacin zafi. Sai ga shi duk abin da nake buƙata a sawu ɗaya bai wuce kilo ɗari biyar ba, in dai zan haƙura in yi sawu biyu na ruwa maimakon ɗaya. Sannan muka duba abin da kamfanonin suka rubuta. Yamaha Grizzly 700, wanda injinsa cc 686 ne, an rubuta yana jan kilo 600. Ƙaninsa Kodiak 450 mai cc 421, shi ma kilo 600. Na sake dubawa don na ɗauka idona ne. Suzuki KingQuad 750 ma kusan nan yake, Polaris Sportsman 570 ya ɗan ɗara da kaɗan. Wato duk kuɗin da zan ƙara don babban inji gudu zan saya da ƙarfin hawan tudu, ni kuma filin namu in ka yi gudun kilomita 20 ma bango zaka daka.

Honda Rancher 420 ya ɗan ja hankalina, gaskiya har yanzu ina tunaninsa. Akwai wanda giyarsa ta ƙafa ce kamar babur, ba bel balle ya ƙone, kuma ƙafafun bayansa a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, mariƙin tirelar a jikin wannan sandar yake, don haka nauyi ba ya danne shokazoba bayan ya zauna. Usta yana yabonsa sosai yace irin wannan sai dai ka gaji da shi. Amma abin da aka rubuta masa na ja kilo 385 ne, in na cire nauyin tirela da tanki ruwan da zai rage bai kai lita 250 ba, ga kuma duwatsun harra, mai sanda ɗaya a baya duk dutsen da ya taka a ƙugunka zaka ji shi, ni kuwa bayan nan ne ya kawo ni kasuwar tun farko.

Sabo dai na je na gani na shafa na fito. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, kayan kuma daga waje suke zuwa, sannan ka ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da aka koma tun Yulin 2020, sai naga kuɗin ya kama hanyar na ƙaramar mota. Abin da muka haɗa ni da uwargida da gudummawar Baba bai kai nan ba. Sai muka koma na hannu, na shiga Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, kullum bayan isha'i ina ta dannawa har uwargida ta fara cewa ko kishiya nake nema.

Na farkon da muka je gani kyakkyawa ne wallahi, robobinsa sai sheƙi, mai shi yace na gida ne yara ke ɗan zagayawa da shi ranar Juma'a. Usta bai ko tayar da shi ba, ya ɗaga kujera ya buɗe akwatin iyakilina ya zare soson ya sa yatsa ta cikin bututun da ke shiga inji, ya fito da yatsan ya nuna min, rairayi ne sul. Yace wannan injin ya ci ƙasa ya ƙoshi. Da muka matsa wa mutumin sai ya amsa cewa haya yake bayarwa a Baida, wurin shan iskar nan da ke arewa da gari inda ake ba mutane hayar dabbab. Wanda duk ya hau na haya ya san yadda ake masa, ba mai tausayinsa.

Na biyu sabo ne fil a kwali, ɗan ƙasar Sin, wani suna da ban taɓa ji ba, kuɗinsa bai kai rabin na hannun da muke nema ba, har da fitilu masu launi da rediyo. Zuciyata ta kwanta da shi don ƙarya ba kyau. Tambaya ɗaya Usta yayi wa mai shagon, in bel ya tsinke ko robar shaf ta yage ina zamu samu, mutumin yace za a yi oda. Muka fito, Usta yace araha ba ta ado Malam, ga su can bayan garejina guda huɗu suna jiran oda tun bara. Ba wai duk na Sin ne haka ba, akwai irin su CFMOTO da ke da wakilai da kayan gyara, matsalar marar dangi ce, wanda in ya kwanta ba mai tashinsa.

Na uku har Yanbu muka je dominsa, tafiyar awa biyu da wani abu, ashe mutumin ƙaramin jirgin ruwa yake ja da shi zuwa bakin teku, muka leƙa ƙasansa gishiri ya cinye shi, tsatsa har tana ɓarewa da farce. Ribar tafiyar kifi kawai muka ci muka dawo.

Wata biyu ana wannan, har na fara tunanin ko jakin Baba za a koma wa, sai ga wani dattijo Balarabe a nan cikin Madina ya sayar da istiraharsa, wato gidan hutawarsa, yana neman rabuwa da Kodiak 450, a bakin wani abokin Baba na masallaci muka ji, ko a intanet bai sa ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Usta yace mu je da sassafe kuma a roƙi mutumin kada ya tayar kafin mu iso, don inji mai ciwo in ya yi zafi ɓoye ciwonsa yake. Ya taɓa injin ya ji da sanyi sannan ya tayar, bugu ɗaya ya kama, ya tsaya bayan salansa yana kallon hayaƙi. Ya duba awannin da injin ya yi aiki, yace a irin wannan awa ake kallo ba kilomita ba, don na gona yana iya yini yana aiki bai yi tafiyar kirki ba. Ya kwanta ƙasa ya matsa robobin shaf ɗaya bayan ɗaya ko akwai wadda ta tsage, ya kwance ƙusar man difiranshal ya ga kalarsa, ya buɗe murfin bel, ya ɗaga gaban da jak ya sa tayoyi huɗu su ja don ya tabbata na gaban suna kamawa, sannan ya bar shi a tsaye yana aiki har fankar lagireto ta tashi da kanta. Wannan na ƙarshen yace a Madina shi ne rai, garin da zafi ke wuce 45 a Yuli da Agusta, kuma daidai lokacin ne aikin dabino ke tsananta, kana tafiya a hankali da kaya iska ba ta bugun injin, in fanka ba ta aiki ka dafa shi. Ni kuma aikina shi ne na gwada lambar da ke jikin ƙarfen da ta takarda, muka rubuta takardar ciniki da shaidu biyu.

Abu biyu suka ƙara kwantar min da hankali da shi. Birkinsa na baya a rufe yake cikin mai, ƙura ba ta samunsa. Sannan in ka saki wuta a gangara injin da kansa yake riƙe shi, ba ya sakin jiki ya zura, wanda bayan abin da ya same ni da tankin nan wannan ya fi min komai. Mun yi ciniki irin na mutunci, dattijon ya rage min da kansa da ya ji surukin wane ne ni, har ya haɗa min da hular kwano. A bayan Hilux muka ɗauko shi don ba a yi shi don kwalta ba, tayoyinsa da yadda yake shan kwana duk na ƙasa ne.

Tirela kuwa wurin mai walda aka haɗa min, ƙasa-ƙasa mai faɗi, na kai ta sikeli ta ba ni kilo 130. Tankin lita dubu na bar shi a inda yake na sayi mai lita 400 kwantacce, in ka haɗa duka bai kai 600 ɗin ba. Kuma yanzu ko dai a cike maƙil ko babu komai, rabi ban sake ba. Wani abin da ban sani ba sai a littafinsa na gani, nauyin da aka yarda ya danna kan mariƙin tirelar kilo 15 ne kacal, wato kayan a kan tayoyin tirelar ya kamata su zauna, ba a gaba ba, in ka tara su gaba kan dabbab ɗin sai ya yi sauƙi ya ƙi jin juyawa. Shimfiɗun ƙarfen da ke jikinsa kuma na gaba kilo 40 na baya kilo 80, buhun sha'ir ɗaya a baya ya isa, biyu ya wuce ƙa'ida ko da kuwa ido na ganin akwai wuri.

Taya ce kawai ta ci gaba da ba ni aiki, ƙayar dabino ba ta da mutunci, sati na farko sau biyu ina faci. Na kai wani bansher, wato wurin masu faci, yaron ya yi facin ya ɗura mata iska kamar ta mota, na dawo ina ta tsalle a kan duwatsu kamar an ɗora ni kan ƙwallo. Ashe iskar waɗannan tayoyin kusan 5 ce a ma'aunin da mota ke shan 30 da wani abu, ma'aunin mota ma ba ya karanta ta daidai. Yanzu ina da ƙaramin ma'auni nawa da igiyoyin faci a aljihun dabbab ɗin, kuma na koyi kwashe rassan daga hanya kafin in bi. Soson iyakilina duk sati nake wankewa in shafa masa mansa, lagireto kuma in busa masa iska saboda ɓuntun barsim da ke toshe shi. Fetur 91 yake sha, riyal 2.18 lita, abin da nake zubawa a sati bai kai kuɗin man zafin da nake saye da ba.

Rigimar da ta rage ta yara ce. Babban ɗana shekararsa goma sha biyu, tun ranar da aka sauke shi yake zagaye shi. A jikin robar an manna gargaɗi ƙarara, ƙasa da shekara 16 ba ya hawa, kuma mutum ɗaya ne ba goyo, doguwar kujerar don direba ya riƙa matsawa gaba da baya ne a hawa da gangara. Abin nan nauyinsa ya kusa kilo 300, in ya kife kan yaro ba zai iya ture shi ba, masu taya uku na da ma saboda yawan kifewa aka daina sayar da sababbinsu a Amurka tun 1988. Ni in na hana sai a yi ta bin uwarsu da magiya, don haka na kai makullin wurin Baba nace shi zai riƙa ajiyewa, ba wanda ya isa ya je ya roƙe shi, har ƙanin matata mai son Raptor.

To yanzu makullin yana cikin aljihun Baba tare da carbinsa, kullum bayan asuba sai na je na durƙusa na gaishe shi sannan ya miƙo min. Bai taɓa ce masa dabbab ba. Jiya ma da na dawo daga kai ruwa sawu na biyu yana zaune a inuwarsa, ya dubi ƙurar da ta lulluɓe gaban injin yace Malam, a share wa jakin nan hanci kafin rana ta ɗaga, gobe akwai kwasar taki.